Kafin Sofus Ya Shiga Injin

Ejner: Halo? Halo? Wa ke magana?

Gudrun: Ni ce, Baba. Ina kwana.

Ejner: Wa?

Gudrun: Gudrun. 'Yarka. Mu nawa gare ka?

Ejner: Au, Gudrun. Lafiya lau. Kin tashi lafiya?

Gudrun: Wanda ya kwanta shi ke tashi. Lafiya dai. Ya ƙugun?

Ejner: Yana nan inda likita ya ajiye shi. Ya hanya?

Gudrun: Ruwa tun daga ƙofar gida har cikin birni. Awa biyu da rabi ina bin bayan manyan motoci. Ya sanyi a can?

Ejner: Iska ce dai daga bakin ruwa, kamar za ta kwashe rufi. Ya Viggo?

Gudrun: Mijina lafiyarsa ƙalau, yana wurin aiki. Ya ce a gaishe ka.

Ejner: Ina amsawa. Ya naki aikin?

Gudrun: Wane aiki? Yau hutu na uku ke nan da na roƙa cikin wata guda. Shugabarmu ta daina kallon idona. Na bar tsofaffin mutane a gidan da ake biya na in kula da su, na zo ina hidimar tsohon kare.

Ejner: Sannu da ƙoƙari.

Gudrun: Yawwa. Ka karya?

Ejner: Na sha kofi.

Gudrun: Kofi ba abinci ba ne, Baba. Ka sha maganinka?

Ejner: Na yanka baƙin burodi, na shafa masa hanta. Na gutsura gefen na miƙa ƙarƙashin tebur yadda na saba. Ina nan riƙe da shi, ina cewa yau me ya samu Sofus bai karɓa ba. Sai can na tuna kin ɗauke shi tun jiya.

Gudrun: Shi ya sa na ɗauke shi ai. An ce kada ya ci komai kafin allurar barci, kai kuma na san hannunka. Da a gidanka ya kwana da yanzu cikinsa cike yake da hanta.

Ejner: Ya kwana lafiya a wurinki?

Gudrun: Me? Muryarka tana yankewa. Kana ina ne?

Ejner: Na ce ya kwana lafiya?

Gudrun: Wannan ƙugin ba na cikin gida ba ne. Kana ɗakin kayan farautarka ko?

Ejner: Na fito shan iska ne.

Gudrun: Wata biyu da yi maka aiki a ƙugu, likita ya ce ka zauna, kai kuma ka dogara sanda ka ƙetare tsakar gida cikin laka ka je ka tsaya kana shafa wa bindiga mai. To, ka faɗi a can, Mogens maƙwabcinka ya tsince ka gobe.

Ejner: A zaune nake. Akwai kujera. Ki ba ni labarin karena.

Gudrun: Ya faɗi sau ɗaya, da asuba. Kamar dai na gidanka: ya sandare, ya yi ta shure-shure, kumfa a baki, ya jiƙa min dardumar falo. Minti biyu, na duba agogo yadda aka ce. Da ya farfaɗo bai gane ni ba, ya je ya kafa kansa a kusurwa ya tsaya.

Ejner: Na nawa ke nan?

Gudrun: Na tara cikin sati uku.

Ejner: To me suka ce a asibitin?

Gudrun: Bari in zauna. Ina wani shagon burodi ne a ƙasan titi, na fito neman abin da zan sa a baki. Tun jiya da rana rabona da abinci, ni ma an sa ni azumin Sofus.

Ejner: Kin bar shi shi kaɗai?

Gudrun: Ba su barin kowa ya shiga, Baba. Sun karɓe shi, sun aske masa hannu, za su sa masa allura. Ƙarfe sha ɗaya zai shiga injin da ke ɗaukar hoton cikin kai. Yanzu sha ɗaya saura ashirin.

Ejner: Likitan namiji ne ko mace?

Gudrun: Mace. Ovesen sunanta, ba ta kai ni shekaru ba, amma ta san aikinta. Ƙwaƙwalwar dabbobi kawai take dubawa, ba ta taɓa komai sai ita. Ta sa ya yi tafiya a baranda, ya yi ta karkata hagu yana zagaye kamar ya manta abin da ya fito nema. Ta haska masa fitila a ido. Ta lanƙwasa masa tafin ƙafa ta ajiye a ƙasa a juye, wai lafiyayyen kare nan take zai gyara. Na dama ya bar shi haka yana kallonta.

Ejner: Sofus da ke jin faɗuwar agwagwa daga ƙetaren ruwa.

Gudrun: Ta ce kare mai shekara tara da bai taɓa faɗuwa ba, rana ɗaya ya fara, yawanci wani abu ne ke girma a cikin kai.

Ejner: Ƙari.

Gudrun: Ƙari. Amma iri-iri ne. Akwai wanda ke fitowa a jikin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana danna ta daga waje. In shi ne, kuma yana inda hannu zai kai, ana iya cirewa ko a ƙona shi da haske, kare ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana cin hantarsa. Akwai kuma wanda ke can ciki. Wannan sai dai magani a lallaɓa, har ranar da za mu ce ya isa.

Ejner: Ita wanne take zato?

Gudrun: Ta ce ba ta yin zato. Shi ya sa muka jira kwana goma sha biyu muka samu layi. Hoton ne zai faɗa. Za a kwantar da shi a ciki kusan minti arba'in ko motsi babu, a ɗauki kan yanka-yanka kamar burodi. Daga baya su ɗura masa wani ruwa a jijiya, in akwai ƙari sai ya yi fari fat a hoton.

Ejner: Na san injin. Sun taɓa cusa ni ciki saboda bayana, lokacin mamarki na da rai. Kamar an sa mutum a bututu ana dukan bututun da guduma. Suka sa na cire agogo, na cire bel, har abin ƙara ji na kunnena.

Gudrun: Shi ma haka. Ga abin wuyansa nan a jakata, duk ya sa min warin kare. Sannan takarda shafi huɗu. Me yake ci, me yake sha, wane magani, an taɓa yi masa aiki, akwai ƙarfe a jikinsa.

Ejner: Akwai ɗan abin nan na lamba da aka dasa masa a ƙarƙashin fatar wuya yana ƙarami.

Gudrun: Wannan ba komai, duk karnuka suna da shi, sun san da shi. Abin da ya ba ni dariya, da ta ga an rubuta karen farauta, sai ta ajiye biro ta tambaye ni ko an taɓa harbinsa. Na ce a'a. Ta sake tambaya. Wai duk mai karen farauta sau biyu take tambayarsa.

Ejner: Uhm.

Gudrun: Na ce mata babana shekara hamsin yana farauta a bakin ruwan nan, ko gashin kare bai taɓa ƙwarzana ba. Na ce shi ke koya wa sababbi yadda ake riƙe bindiga a ƙungiyarsu ta mafarauta. Har na ɗan ji haushi, ka san ni. Ta shafa tabon nan na bayan kunnensa ta ce wannan fa? Na ce wayar shinge ce mai ƙaya, shekara uku da suka wuce. Na sa hannu, na fito.

Ejner: …

Gudrun: Baba? Halo? Layin ne kuma?

Ejner: Ina jin ki.

Gudrun: To ka yi shiru.

Ejner: Burodin nasu da daɗi?

Gudrun: Ya bushe. Me ya kawo zancen burodi?

Ejner: Ba komai. Na ce, me ya sa take tambayar haka?

Gudrun: Saboda injin maganaɗisu ne gaba ɗayansa. Ta ce ƙarfinsa in aka shigo da kujerar ƙarfe ɗakin sai ya fizge ta daga hannun mutum. To in akwai ɗan ƙarfe a cikin nama, yana iya motsawa, yana iya yin zafi. In a cinya ne da sauƙi. In kusa da ido ne ko ƙwaƙwalwa, ba sa ma farawa. Kuma ko bai motsa ba, yana ɓata hoton, wurin ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai.

Ejner: Amma ai maganaɗisu ba ya jan dalma.

Gudrun: Na'am?

Ejner: Dalma. Na ce ba ya jan ta. Ko yaro ya san wannan.

Gudrun: Wa ya yi zancen dalma?

Ejner: A'a, hira ce.

Gudrun: Baba.

Ejner: Iskar nan ta yi yawa, ba na jin ki sosai.

Gudrun: Kana ji na sarai. Rufe ƙofar ɗakin. Ka rufe? To. Wa ya yi zancen dalma?

Ejner: Gudrun, kin gaji. Ki ci burodinki.

Gudrun: Na gaji, ƙwarai kuwa. Na gaji har ƙashina. Sati uku ina raba kaina tsakanin gidanka da gidana da wurin aiki, ina wanke fitsarin kare, ina ƙirga maka ƙwayoyin magani. Ba ni da ƙarfin da zan yi ta zagaye da kai. Tabon bayan kunnen Sofus, waya ce?

Ejner: Akwai waya a wurin.

Gudrun: Ban tambaye ka ko akwai waya a wurin ba.

Ejner: Magariba ce ta kawo kai. Agwagi sun taso ƙasa-ƙasa ta saman ciyawar ruwa. Na aika shi ɗauko wadda na fara kayarwa, na ɗauka yana dama da ni. Ashe ya zagayo ta hagu.

Gudrun: Wayyo Allah.

Ejner: Gefen harbin ne kawai ya same shi, ba tsakiyar ba. Da tsakiyar ce da tuni an wuce wurin. Ko kuka bai yi sosai ba. Ya fito daga ruwa da agwagwar a bakinsa, jini na bin wuyansa, ya ajiye min ita a ƙafa.

Gudrun: Ka kai shi wurin likita?

Ejner: Na kawo shi nan ɗakin. Na wanke da barasa, na sa hantsakin mamarki na cire ƙwayoyin harsashi shida.

Gudrun: Da waɗannan idanun naka.

Ejner: Na kunna fitila biyu.

Gudrun: Ka cire shida. Saura nawa?

Ejner: Waɗanda nake ji da yatsa uku ne. A bayan kunnen hagu, can ƙasa, kusa da ƙashi. Sun yi zurfi, na ga in na bi su zan yi ɓarna. Wurin ya warke lafiya lau.

Gudrun: Waɗanda kake ji. Ban da waɗanda ba ka ji.

Ejner: Shekara uku ko kaɗa kai bai yi ba.

Gudrun: Baiwar Allah, ga kuɗin kofin, riƙe canjin. A'a, ba da kai nake ba, Baba. Na tashi ne. Sha ɗaya saura kwata, kuma tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Ejner: Ki buga musu waya mana.

Gudrun: Layinsu sai ka yi rabin awa kana jin kiɗa ana ce maka kai ne na bakwai. Kuma cajina ya yi ja. Ƙafata ta fi sauri. Kada ka kashe, ina so in san abin da zan faɗa musu.

Ejner: Ba sai kin faɗa musu komai ba. Dalma ce. In kika tayar da magana za su fasa, a ce ki dawo bayan wani sati biyun. An riga an yi masa allurar barci, tsohon kare, a sake yi masa wata? Sati biyu nan gaba sau nawa zai faɗi?

Gudrun: Wace dalma, Baba?

Ejner: Ƙwayar harsashi ai dalma ce. Tun ina yaro.

Gudrun: Tun kana yaro. Ina makarantar sakandare aka hana harbi da dalma a ƙasar nan. Shekara guda cur ka yi kana mita a kan tebur, wai harsashin ƙarfe da ya maye gurbinta yana cinye bakin bindiga, wai 'yan birni da ba su taɓa jiƙa takalmi ba su ke yi mana doka. Har Mama ta ce in ka ƙara ambaton dalma a kan abincinta za ka koma ci a wannan ɗakin da kake ciki.

Ejner: Na ajiye tsofaffi.

Gudrun: Tsofaffin shekara talatin? Kai da ba ka barin kwalin harsashi ya ga baɗi?

Ejner: To akwai wani irin da suka fito da shi, mai laushi, shi ma ba ya bin maganaɗisu. Mogens na amfani da shi.

Gudrun: Mogens na amfani da shi. Kai ka ce tsadarsa ta fi ta agwagwar, ba za ka harba kuɗinka a ruwa ba. A gabana ka faɗa.

Ejner: Ban tuna ba.

Gudrun: Ka tuna. Kai da kake rubuta kowace farauta a littafi, kwanan wata da yanayin iska da adadin tsuntsaye. Kwalin da ka yi amfani da shi a waccan kakar, akwai saura?

Ejner: Ban sake fita da magariba ba tun ranar. Kwalin na nan a sama, rabi.

Gudrun: Sauko da shi. A hankali, kada ka hau komai.

Ejner: Sandata za ta kai.

Gudrun: Me ya faɗi?

Ejner: Gwangwanin ƙusa ne. Ga kwalin.

Gudrun: Karanta abin da aka rubuta a jiki.

Ejner: Tabarauna na cikin gida.

Gudrun: Ai dole. To ɗauki guda ɗaya ka yanka bakin da wuƙa, can gaba wajen ƙwayoyin, kada ka taɓa gindin. Akwai maganaɗisun nan da kake tsintar ƙusa da shi, mai igiya.

Ejner: Yana rataye a ƙofa. Bari in nemo wuƙa.

Gudrun: Ka san abin da ya fi ci min rai? Shingen nan. Asabar guda ni da Viggo muka yi cikin ruwan sama muna kwance wayar nan tun daga bakin hanya har bakin ruwa, don kada ta sake yanka shi. Har yau da tabo a tafin hannuna. Kana tsaye kana nuna mana inda za mu ja. Har kofi ka kawo mana.

Ejner: Wayar ta tsufa dama.

Gudrun: Baba, don Allah.

Ejner: Mamarki na kwance ba lafiya a lokacin, kin sani. Saura mata sati biyar, ko da yake ba mu san biyar ba ne. Ita ta zaɓo shi yana ɗan ƙarami, a cikin kwandon wankinta ya zo gida. Kuma tun bazara ta sa na yi mata alkawari ba zan ƙara harbi in haske ya ragu ba. Ta ce idona ya tafi, ni kaɗai ne ban sani ba. To in shiga ɗaki in ce mata me?

Gudrun: Sai ka ce waya.

Ejner: Na ce waya. Sofus ya hau gadon ya kwanta a gefenta. Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, to sai a gyara shingen, Ejner. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Gudrun: Ta sani.

Ejner: Shekara arba'in tana fige agwagin da na harbo. Ta san yadda ƙwaya take a ƙarƙashin fata.

Gudrun: Tsaya, mota. Malam, ba ka ga mutum ba ne? To, na ƙetare. Wannan na ji, Mama ce. Bayan ta rasu fa? Ni fa?

Ejner: Da kin ƙwace bindigar.

Gudrun: Da na ƙwace, ko shakka babu.

Ejner: Su Mogens kuma su ji a ƙungiya. Mutumin da ke tsayawa gaban sababbi yana cewa kada ka ɗaga bindiga sai ka san inda karenka yake.

Gudrun: To sati ukun nan? Kana gani yana faɗuwa. Kana gani na kai shi wurin likitan garinku, aka ɗebi jini, aka ce sai birni. Jiya da na zo ɗaukarsa na zauna a kicin ɗinka na karanta maka takardar da suka aiko, har wurin da aka ce ƙarfe. Ka ce min in tafi da bargonsa.

Ejner: Na samu wuƙar.

Gudrun: Ka amsa min.

Ejner: Robar ta yi tauri.

Gudrun: Ka yanka kana magana. Baki daban, hannu daban.

Ejner: Ranar da ya fara faɗuwa, da ya lafa, na sa yatsa a bayan kunnen. Na ji biyu. Na nemi ta ukun na rasa. Washegari na same ta, tana nan, kumburi ne ya ɓoye ta. Amma tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Na ce shi ke nan, akwai wata da ban taɓa ji ba, ta yi shekara uku tana tafiya, yanzu ta isa.

Gudrun: Ba lallai haka ba ne.

Ejner: Da likitan garinmu ya ce wataƙila ƙari ne, na ji daɗi, Gudrun. An ce karena na da ƙari a kai, ni kuma na ji sanyi a raina. Na dawo gida na ci abinci har na ƙara. Kullum in na kwanta roƙon da nake yi ke nan, Allah Ya sa ƙari ne. Kin ji irin uban da kike da shi.

Gudrun: Na ji.

Ejner: Na ce in ƙari ne, hoto zai nuna, ba ruwana. In kuma ƙwayar ce, hoto zai nuna, likita ta faɗa miki. Ko ta yaya ba sai na buɗe baki ba. Ban san injin zai iya taɓa ta ba. Na rantse ban sani ba. A kaina dalma ce.

Gudrun: Wato ka aike ni awa biyu da rabi cikin ruwa don inji ya yi maka magana.

Ejner: Haka ne.

Gudrun: Ba ni da ƙarfin yin fushi yanzu. Zan yi, amma ba yanzu ba. Ka buɗe?

Ejner: Na buɗe. Na zuba su a murfin gwangwani.

Gudrun: Wane launi?

Ejner: Ba na gani sosai. Suna ƙyalli.

Gudrun: Kawo maganaɗisun. Ga asibitin can ina hango shi. Saura minti biyar.

Ejner: In an fasa yau, shi ke nan ba za a ga komai ba?

Gudrun: Akwai wani injin, na hasken da ake ɗaukar ƙashi da shi. Ta ambata shi ɗazu. Ba ya nuna ƙwaƙwalwa tas kamar wannan, amma ba ya jan ƙarfe, kuma zai nuna inda kowace ƙwaya take. Wataƙila su yi shi yau tunda yana barci, wataƙila su ce babu layi. Ban sani ba. Ba ni ce likita ba, Baba, ni mai wanke tsofaffi ce. Ka sa ko ba ka sa ba?

Ejner: Ina kwance igiyar.

Gudrun: Bar igiyar! Kai shi kusa kawai.

Ejner: …

Gudrun: Halo? Mene ne wannan ƙarar? Baba?

Ejner: Sun taso.

Gudrun: Me?

Ejner: Ban ma kai shi ba. Saura kamar faɗin yatsa biyu suka yi tsalle. Duk sun manne. Ko ɗaya ba ta rage a murfin ba.

Gudrun: To.

Ejner: Ƙarfe ne, Gudrun.

Gudrun: Na ji. Kunnen hagu, can ƙasa kusa da ƙashi, uku da ka sani, shekara uku. Haka ne?

Ejner: Lamba huɗu ne girmansu. Ki faɗa mata, za ta gane.

Gudrun: Lamba huɗu. Na iso ƙofa. Matsa min, don Allah, matsa. Baiwar Allah, kare mai suna Sofus, na Likita Ovesen, a tsayar da shi, kada a shigar da shi, na yi kuskure a takarda.

Ejner: Ba ke kika yi kuskure ba.

Gudrun: Eh, yanzu, yanzun nan, ki buga musu ciki. Akwai ƙarfe a kansa. Baba, zan kashe.

Ejner: Tsaya. In ta tambaya…

Gudrun: Ta ɗaga waya. An ce me? Ya riga ya shiga ɗakin? Ki ce musu su…

Ejner: Gudrun. In likitar ta tambaya wa ya harbe shi, kada ki ce wani ne. Ki ba ta sunana, ta rubuta. Bindigar kuma in kin dawo ki tafi da ita, na sa ta a jaka. Kina ji? Sun tsayar? Gudrun? Halo? Na ce ki faɗa mata ni ne. Halo?